Abdulƙadiri, Wa Zai Tsokane Ni a Bakin Ganuwa?

Na Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma, mai gaggawa da mai jan ƙafa. Ranar Lahadi, tara ga watan Rajab na bana, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Abdulƙadiri ɗan gwaggona, taubashina, manomin albasa, wanda dut mutanen Wurno sunka sani da kai baƙi zagayen gari. Kafin rana ta faɗi munka kai shi makwancinshi. Ni Ja'afar mai tufkar igiya ke wagga magana. Ban iya riƙe alƙalami ba. Ina faɗi ana rubutawa, kuma na hana a gyara mini ko kalma guda.

Abdulƙadiri, ka tafi da alkawari a bakinka. Ka ce ma Alhaji Almustapha na Taloka ya kawo jama'arshi ranar Alhamis ka zaga da su, tsofaffi maza da mata, waɗansu har sun yi furfura ba su taɓa taka Wurno ba. Kana kwance ciwo na cin ka, kana faɗin kada wanda ya aika a hana su zuwa. Ka rasu ba a aika ba. Zan zo kan wanga, amma bari in fara gaya ma mutane ko kai wane ne.

Ba wanda yan naɗa ka wanga aiki. Kai dai ba ka iya ganin baƙo ya sauka tasha shina waige-waige. Sai ka aje fartanya, ka wanke ƙafa, ka ce mishi ya biyo ka. Ka kai shi ragowar ganuwa, ka biyo da shi ta tsohuwar rijiyar unguwarmu da ramukan marina, ka kai shi hubbaren Sarkin Musulmi Bello, sannan ka gangara da shi fadama. Can kake cika mishi hannu da albasa, kana cewa wanda bai ga abin da ke ciyar da gari ba bai ga garin ba. In akwai tsoho cikin ayari wanda numfashi ya gaza mai, ba ka taɓa cewa a jira shi. Sai ka duƙa ka ce takalminka ya tsinke. Takalmin nan naka ya tsinke a kowane lungu na Wurno, kuma ban taɓa ganin ka kai shi wurin baduku ba. Na tuna wani gurgu daga Maikujera da yac ce shi zai tsaya ƙasa. Ka goya shi har kan tudun ganuwa, kana nishi kana ce mishi da ka san nauyinshi da ka zo da jaki. Yana ta dariya har da hawaye.

Abu guda ne ba ka da shi: labari. Ka san hanya, ba ka riƙe tarihi. Ni kuwa kakarmu ta zuba mini shi tun ina tauna rake a gindinta, kai lokacin kana can kana kamun fara. Ka roƙe ni in riƙa bin ka, nic ce a'a. Labarin kakanni ba goro ba ne da za a ɗora a faifai ana yawo da shi. Mai so ya zo ya zamna ya gaishe ni. Har yau ban ce na yi kuskure ba.

To sai ka sake dabara. Ka riƙa biyowa da baƙinka ta gindin durumin da nake tufka, ka tsaya inda kunnena zai ji, ka ɗaga murya ka shara musu abin da ko mahaukaci ba ya faɗi. Wai aljannu sunka gina rijiyar unguwarmu tsakanin azahar da la'asar. Wai ramukan marina wurin dama furar wani ƙato ne. Ni kuwa sai in ji jinina ya tafasa. In jefar da igiya in miƙe, in ce ma baƙi kada su saurari wanga maƙaryaci, in gaya musu yadda abin yake. Kafin in ƙare ka yi gaba da su, ina jiyo ka kana shirya wata a kwana ta gaba. Dole in bi. Haka za ni bi ka ina zagi ina gyara har fadama, baƙi na dariya suna cewa ba su taɓa jin tarihi mai daɗin wanga ba. Muna matasa munka fara, har gemunmu yay yi fari.

Wai kana zaton ban gane ba? Na gane tun shekarar farko. Amma sanin tsokana ce bai taɓa zaunar da ni ba, don ba ni iya jin an ɓata labarin garinmu in yi shiru, ko da wasa ne.

Wuri guda ne ba ka taɓa yi ba. Da mun doshi hubbare sai ka tuɓe takalmi, ka sunkuyar da kai, ka koma bayan kowa. Nan ni ma ba ni ɗaga murya. Mu yi addu'a mu fito, sai mun yi nisa sannan ka sake buɗe bakin nan naka.

Ranar Alhamis mutanen Taloka sunka iso, a tasha sunka ji labari. Sunka zo sunka yi gaisuwa, Alhaji Almustapha yac ce zance ya wuce, za su juya. Sai matarka Fatsuma ta aiko daga cikin ɗakin takaba, tac ce ba ta yarda a bar ka da alkawari a wuya ba, a gaya ma Ja'afar ya zaga da su. Ban yi gardama ba, kuma a rubuta wanga, don ba a saba ji ba. Nid ɗauki sandata nis shiga gaba, babban ɗanka Lukman na biye.

Munka isa bakin ganuwa, mutane sunka kewaye ni. Nib buɗe baki, ba abin da yaf fito. Labarin na nan cikin cikina, ban manta komi ba, amma na rasa ta inda ake kama shi. Ashe ban taɓa fara shi da kaina ba. Ina tsaye ina duban ƙasa, wata tsohuwa tac ce a bar bawan Allah, rashi ne ke damun shi. Nij ji Alhaji na shirin sallamar mutane.

Sai Lukman yay yi gyaran murya. Ka san Lukman, magidanci mai 'ya'ya, bai taɓa haɗa ido da ni ba. Kanshi na ƙasa, yac ce:

"Jama'a, wagga ganuwa da kuke gani, wani ɗan kwangila ne daga Legas yag gina ta da siminti."

Ban san sa'ad da sandata ta tashi sama ba. "Mi kac ce? Siminti? Kai, ɗan maƙaryaci, jikan gwaggona, matsa ka ba ni wuri!"

Nan take bakina yab buɗe. Nig gaya musu yadda kakarmu tac ce an yi aikin: kowace unguwa da rabonta, mata na ɗauko ruwa daga fadama, maza na cuɗa ƙasa da ƙafa, makaɗa na zuga su, ragon unguwa kuwa a yi mishi waƙa har jikokinshi su gada. Munka bi rijiya da marina, Lukman na jefo tashi a kowace kwana, kuma wallahi bai iya ba, ƙaryarshi ba ta da gishiri irin taka. Amma ta tashe ni. Tsofaffin nan sunka yi dariya har suna dafa bango. Munka yi ziyara a hubbare, sunka sa ka cikin addu'a. A fadama Lukman yac cika musu hannu daga gonarka. Da mota ta tashi da su, yam matso yac ce mini: "Baba, ka yi mini gafara. Mahaifina yas sa ni, tun shina kwance. Ya ce in bakinka ya ƙi buɗewa, in yi maka ƙarya babba, kada in ji tsoron sanda."

To, Abdulƙadiri, alkawarinka ya sauka.

Ina miƙa ta'aziyya ga Fatsuma, da Lukman da ƙannenshi, da dangi na Sisawa da Rabah, da dut baƙon da ka taɓa riƙe ma hannu. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarka tare da iyayenmu. Ya Ubangiji, ni ne nak kira bawanKa maƙaryaci a gaban jama'a shekara da shekaru, kuma yau ni ke ba da shaida: bai taɓa barin baƙo ya fita Wurno da ƙarya a kunne ba, sai da gaskiya da albasa. Kada Ka rubuta mishi ƙarya ko guda. Ni na yafe, kuma in tawa ta zo Ka sa in cika da imani. Amin.