Gonar da Ba a Dasa Mata Itace

Ina da shekara tara na dasa mangwaro a gonarmu. Ƙwallon a tashar Konni na tsince shi, na binne shi cikin tsohon gwangwani bayan ɗakin mahaifiyata, ina ba shi ruwa safe da yamma har ya yi ganye huɗu. Da damina ta sauka na kai shi gona, na haƙa masa rami kusa da aduwar da muke shan fura a gindinta. Kwana uku ya yi a ƙasa. Ran na huɗu Baba ya gan shi, ya sunkuya ya tumɓuke shi da hannu ɗaya, ya wurga shi burtali, sannan ya ɗora mini mari guda.

"Ba a dasa icce ga gonag ga," in ji shi, ya koma bakin nomansa.

Baba ba mai duka ba ne, shi ya sa marin ya zauna. Da na kai ƙara gida, mahaifiyata ta ce iskokin gonar ne ba su son dashe, sai itacen da ya fito da kansa, kamar aduwa da gawo. Na yarda da iskokin, amma ban yafe marin ba. Na yi lakwal, makarantar boko, na zama mushe, wato malamin makaranta, na koyar da yara shekara talatin da wani abu tsakanin Alela da Malbaza, kuma duk lokacin da na sha mangwaro sai kuncina ya tuna.

Akwai wani abu na biyu a gidanmu. Kowace kaka, in an ɗaure hatsi, kafin dami ko ɗaya ya shiga rumbu, Baba yakan zagaya ya zaɓi wanda ya fi girma, ya ce a kai wani gida can gefen gari. Gidan talakawa ne liƙis, dangarsu ta kara kullum a karkace. Wata matashiya ce ke fitowa ta karɓa, ɗiyar mai gidan, wadda yanzu kowa ke kira Inna. Mu yara sadakar Baba muke ce wa damin. Da wana ya fara bin manyan motoci, ɗaukar ta faɗo kaina. Ina zuwa ƙofa sai in jefar da shi tim, in ce ga sadaka nan, in juya ba ko sallama. Ɗan gidan masu gari ne ni, a ganina. Haka aka raine mu: kakanmu ne ya sari dajin nan da gatarinsa, tun kuraye na shiga gari.

Baba ya rasu ba zato, a hanyarsa ta dawowa daga masallaci, bai bar wa kowa wasiyya ba. A kakar farko bayan rasuwarsa wana ya ce wannan sadaka ta bi mai ita, mu muka fi bukata yanzu. Na bar ta a haka, ina Malbaza ina gyaran kaye, littattafan rubutun yara.

Da na aje aiki sai zaman banza ya ishe ni, na sayi kaye mai kauri na fara rubuta asalin gidanmu, wa ya haifi wa, wa ya auri wa. Matata ta ce aikin marasa aiki ne, kuma ba ta yi ƙarya ba. Na bi tsofaffi ina tambaya. Kowa na kai ni har kan kakanmu, daga nan sai a tsaya cak. Ubansa fa? Sai tsoho ya kama tari, ko ya tuna bai yi la'asar ba.

A wannan lokacin ne wana ya zo mini da tasa. Ya gaji da jan motar siminti, bayansa ya lalace, ya tara abin da ya tara, yana son ya mai da rabin gonar garka: ya gina rijiya, ya dasa mangwaro da lemo. Sai dai yana son takardar mallaka tukuna, kuma masu ba da ita sun ce ya kawo shaida.

"Kai da ka son tsohin takardu," ya ce mini, "tahi ka samo muna wadda ta nuna gonag ga tamu ta tun kaka da kakanni."

Na ce an gama, Yaya. Wallahi da murna na tafi, don ni ma ina son in ga sunan kakanmu a rubuce.

Wani tsohon abokin aikina ne ya nuna mini hanya. Ya ce tun ba a haife mu ba gwamnati ta taɓa aiko masu awon ƙasa, lokacin da ake shirin janyo ruwa daga madatsa zuwa gonaki. Sun auna kowace gona sun zana, sun rubuta masu ita, don a san wanda za a biya in magudanar ta bi ta kansa. Ruwan bai taɓa isowa wajenmu ba, amma takardun suna nan a wani buro, ofishin gwamnati, a Konni. Na hau kabu-kabu har ƙofar buron. Sau uku ina zuwa ana cewa mai makulli ya fita. Ran na huɗu na tarar da shi, wani dattijo mai shan shayi, ya buɗe mini wani ɗaki da gara ta riga ni shiga.

Taswirar ta fi tabarmar salla girma. Muka shimfiɗa ta a ƙasa, muka danne kusurwoyinta da takalmanmu. Da farko ban ga komai ba sai layuka da lambobi. Mai makulli ya ce in daina neman gona, in nemi abin da ba ya tashi. Sai na nemi burtali, na same shi yana lanƙwasa daidai inda yake lanƙwasa yau. Na bi shi da yatsa har tsohuwar rijiyar makiyaya. Gabas da ita ga gonarmu, da ƙuguntar nan da take yi ta arewa, har aduwa an ɗiga mata ɗigo. Na ji daɗi ƙwarai, ban ɓoye ba. Na karanta masa lambar, ya jawo wani babban littafi mai baƙar fata ya fara juyawa.

Kowace lamba layi guda gare ta, an raba shi gida-gida da Faransanci: mai gona, mai nomanta, yadda ya same ta, inda ya fito, sai dangwalen yatsa a ƙarshe. Na duba gidan farko, ban ga sunan kakanmu ba. Sunan mahaifin Inna ne a wurin. Na ce wa mai makulli ya yi kuskuren shafi. Sai ya sa farcensa a gida na biyu. Ga kakanmu nan, da sunansa da na ubansa, sunan da na yi wata shida ina nema. A gida na uku an rubuta aro, dami ɗaya a shekara. A na huɗu sunan wani ƙauye ne can cikin Najeriya, hayin iyaka.

Dangwalen nasa ya ɗan goge ta gefe, kamar wanda ya danna da sauri. Ban taɓa ganin kakanmu ba, ba shi da hoto. Wannan yatsa shi ne abin da na gani nasa a duniya, kuma a ƙarƙashin kalmar aro ya danna shi.

Abin haushin shi ne na san dokar aron gona tun ina yaro, kowa a ƙasarmu ya san ta. Wanda ya ari gona ya noma ya ci, ƴaƴansa ma su noma, amma ba ya gina rijiya, ba ya dasa itace, don itace shi ke cewa nan nawa ne. Kuma kowace kaka yana kai dami gidan mai ita, don kada a manta. Na ma taɓa bayyana wa ɗalibaina wannan a aji, da alli a hannuna. Ga dashe an hana ni, ga dami na ɗauka da kaina, amma shekara hamsin ban haɗa biyun ba. Kai, mushe ke nan!

Mai makulli ya yi mini hotokopin shafin, ya koma ga shayinsa. Ya ce ba ni ne na farko da ya shigo da asali ɗaya ya fita da wani ba.

Sati biyu takardar na aljihuna. Wana na tambaya, ina cewa ana kan nema. Daga baya na ga ba inda zan kai ta sai gidan da ta ambata. Na tarar da Inna a zaune bakin ɗakinta tana ɓarar wake, idanunta sun kusa rufewa, dangar nan tana karkace yadda na san ta. Na yi sallama na durƙusa. Ta gane muryata kafin in faɗi ko ni wane ne.

"Mushe ne? Mai jihwa da dami?"

Na ce ni ne, Inna. Kunya ta rufe ni. Na fara yi mata bayanin taswira da littafi, ta ɗaga hannu ta tsai da ni.

"Sai da ka tahi Konni kas sani? Ai da ka tambaye ni."

Ta ba ni labarin a taƙaice, hannunta bai bar waken ba. Kakanmu ya iso garin ne a shekarar yunwa, da jaki ɗaya da mata mai ciki. Mahaifinta ya yanka masa gonar. Da kakan namu ya yi arziki ya yi ƴaƴa, sai ya roƙi alfarma kada a riƙa faɗi a gari, don kada a kira ɗiyansa baƙi. Mahaifinta ya ce bakinsa a rufe yake muddin dami na zuwa. Aka rufe, har masu bakin suka mutu.

Na tambaye ta me ya sa ba ta aiko ba da damin ya yanke.

"In aiko in ce mi? Ku ba ni sadakata?" Ta yi ƴar dariya. "Shekara tara ina ƙilga. Ni ban ce ku tashi ba, Mushe. Ku noma ku ci, Allah shi yi albarka. Amma ina da jikoki, kuma ban da takarda. Damin nan shi ne takardata."

Daga gidanta na wuce wurin wana kai tsaye. Yana zaune a ƙofar gida, ya miƙe ƙafafu saboda bayansa. Na karanta masa shafin, na fassara masa gida-gida. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni wa ya san da wannan magana ban da ni. Na ce mai makulli da Inna.

"Tsoho mai shayi da tsohuwa makauniya," in ji shi. "Haba Mushe. Gumin mutum ukku na cikin gonag ga, na kaka da na Baba da nawa. Na aike ka ka samo muna shaida, ka samo ma wasu? Ƙone ta."

Na ce ba zan ƙone ba. Na ce mu je tare mu roƙi Inna ta sayar mana da rabin, ko ta yarje mana dashen a gaban shaidu. Ya ce shi ba zai durƙusa a gidan da ya saba kai wa sadaka ba. Maganar gumin nan gaskiya ce, ban musa masa ba, kuma na san ba shi da wani abin dogaro in ba garkar ba. Ya ce da takarda ko babu, shi zai dasa, in ya so bayan shekara biyar itatuwan su yi masa shaida. Nan ma ya san abin da yake faɗi.

Ruwan farko na sauka ya kawo dashen mangwaro goma sha biyu a amalanke, ya jera su ta gefen aduwa, kowane da ƴar ƙayarsa kewaye. Washegari da hantsi na tafi gonar da babban kwano. Yana can yana gyara ƙaya. Na gaishe shi, ya amsa. Na sunkuya a kan na farko, na kama shi daga gindi na ja. Saiwar ba ta kama ba tukuna, ya fito da sauƙi. A nan, ina sunkuye, na gane cewa Baba ma bai ji daɗin abin da ya yi ba ran nan, kuma ba shi da wanda zai gaya wa dalili. Na yafe marin, a makare.

Wana bai hana ni ba, bai kuma taɓa ni ba. Ya tsaya yana kallo har na cire na goma sha biyu, na jera su a kwano da ƙasarsu. Na ce masa zan kai su filina na bayan gari, wanda na saya da kuɗina, in haƙa ramukan da kaina, itatuwan nasa ne shi da ƴaƴansa. Ya ce in riƙe filina. Ya ɗauki kwanon ya ɗora a amalanke ya tafi. Daga ranar zuwa yau, in mun haɗu a masallaci yana ba ni hannu, amma ba ya duban fuskata, kuma ya hana ƴaƴansa shiga gidana. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, mu biyu kaɗai muka rage. Abin yana ci mini rai.

A kayena na goge layin farko, wanda ya ce kakanmu ya sari daji. Na rubuta sunan ubansa da sunan ƙauyen can, na manna hotokopin a bangon ciki.

Da kaka ta yi, na zagaya cikin rabona na zaɓi damin da ya fi girma. Wani maƙwabci ya ce zai kai mini a babur, na ce a'a. Na ɗora shi a ka, da furfurata, na ratsa gari mutane suna tambaya ko lafiya. Wuyana ya gaya mini shekaruna tun kafin in kai rabin hanya. A ƙofar Inna na yi sallama, na jira aka amsa, na durƙusa na sauke shi a hankali a gabanta.

Ta miƙa hannu ta shafa shi daga wannan kai zuwa wancan, ta taɓa igiyar, ta gwada ɗaga gefe ɗaya.

"Na babanka ya hi wanga girma," in ji ta. "Aje shi ciki."