Kujerarki Tana Nan, Yaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan nan, ina tsakiyar darasi a ajinki, hedimasta ya leƙo ya yafito ni. A baranda ya gaya mini Allah ya yi miki rasuwa a asibiti da hantsi. Na koma na ƙarasa darasin, don ban san yadda zan yi da hannuwana ba in na ajiye alli.

Ni mai riƙon ƙwarya ce. "Malamar aro" yaranki suke ce mini. Jami'a ta koya mana komai ban da gaskiyar sana'ar nan: ba ma samun aji mai ɗorewa sai wata malama ta haihu ko ta kwanta ciwo. Sannan sai mai ajin ta dawo, ta duba yaranta, ta ce wa hedimasta wannan ta iya, a riƙe ta. Wannan shaidar ce abincinmu.

Kin san haka, Yaya, amma ba ki taɓa yi mini kallon ungulu ba. Daga asibiti kike kirana, numfashi na sarƙe miki, kina gaya mini wace yarinya ce ba ta ganin allo sai a layin gaba, wane yaro ne tsokanarsa yunwa ce. Ran da na ce ina yi miki addu'ar samun sauƙi, dariya kika yi: "Ki yi, ƙanwata, amma kada ki matsa, bari ki ƙarasa zangon."

Na taya ki dariya.

Hedimasta ya ce ranar Litinin zai zauna a bayan aji, ya ga ko zai bar mini shi har ƙarshen shekara. Mai shaidata ta tafi. In ya sallame ni, ban san da wane baki zan gaya wa mahaifiyata da nake riƙo ba. In ya bar mini, na san ta ƙofar da na shigo.

Amma yaran sun fi ba ni tsoro. Kullum sai sun tambayi yaushe za ki dawo, kullum in ce kin kusa. Jiya babu wanda ya tambaya. Kallona kawai suke yi, su kalli kujerarki, wadda tun zuwana ban zauna a kai ba.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Maigidanki, 'ya'yanki da 'yan'uwa, Allah ya ba su haƙurin wannan rashi.

Litinin zan shiga, Yaya. A tsaye zan koyar.