Daddawar da Na Kasa Ci

A ƙauyenmu na kusa da Zakirai, daddawa ce abin tutiyarmu. Duk rani fatake masu zuwa Gwanja sarin goro sukan yada zango a bakin kasuwa su saye ta, su yi guzuri, su sayar da saura a can. Sai wata shekara daddawar wani gari ta ɓata wa ayari ciki a hanya. Daga nan madugu ya kafa doka: ba a ɗora wa jaki kayan kowa sai yayar sarkin kasuwa ta duba.

Tsohuwar nan ba ta san wasa ba. Takan zura hannu har gindin kwando ta ɓantaro, ta shinshina, ta murza ko za ta ga tsutsa. Sannan a kaɗa miyar kuka da daddawar, mai kaya ta ci a gabanta. Wadda aka mayar wa da kwandonta kuwa, ta shiga bakin mata a rijiya ke nan har baɗi.

Shekarar da nake ba da labari ita ce ta farko da na yi tawa ni kaɗai, ba hannun surukata. Na san ta yi kyau. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, bayan na daɗe ina roƙon Allah haihuwa, a 'yan kwanakin nan ko warin daddawa na ji sai zuciyata ta tashi. Kunya da tsoron murnar banza suka rufe min baki.

Aka zo kaina a tsakar gidan sarkin kasuwa, mata cike. Loma ɗaya na kai, na ruga bayan rumbu ina kelaya amai. Sai na ji wata maƙwabciyata tana cewa, "Mai ita ma ta kasa ci!" Wallahi da ina da ƙarfi da ta ji daga bakina.

Tsohuwa ta biyo ni da sandarta. "Ke 'yar nan, ɗago in gani." Ta ƙare wa idanuna da wuyana kallo, ta rage murya: "Yaushe rabonki da fashin salla?"

Na sunkuyar da kai.

Ashe tana dariya! Ta koma ta jawo akushina, ta cinye tuwon tas, har da suɗe yatsu. "A gaya wa madugu daddawa lafiyarta ƙalau," in ji ta. "Mai ita ce ke da juna biyu."

Surukata ta rangaɗa guɗa. Mijina yana zaure yana jiran hukuncin kwanduna, ya ji guɗar, ya yi ta murna wai kaya sun wuce. Sai da aka fita aka ƙara masa bayani, bawan Allah ya zauna daɓas a ƙasa. Ni kuwa kuka nake ina dariya, daɗi ya hana ni jin kunya.

Ayarin ya dawo ina kwance a ɗaki ina jego. Madugu ya aiko da goro, ya ce daddawata ta kai su har Gwanja ba wanda ya riƙe ciki. Da goron nan aka yi sunan ɗana.