Hashimu Rafali da Kaset ɗin Bikin Mubina

Idan ka bi kanal ɗin da ya ratsa gonakin tumatir tsakanin Kura da Bunkure, za ka iske Unguwar Kanya. Duk wanda ka tambaya gidan Hashimu Rafali a can zai nuna maka, ko da kuwa yana taɓe baki. Taɓe bakin nan shi ne ke ƙona mini rai, don mutumin nan ya yi wa garin abin da ba kowa zai yi ba.

Hashimu manomin rani ne kamar kowa. Yana yaro aka haƙa kanal ruwa ya iso, ubansa ya daina tafiya ci-rani ya kama tumatir da alkama. Shi kuwa Hashimu, in ka cire ban ruwa, ba abin da ya sani sai ƙwallo. Ɗan baya ne, ba takalmi, ba tsoro, har ranar da gwiwarsa ta goce a wani wasa aka ɗauko shi a baro. Da ta warke ba ta koma daidai ba, sai ya sayi usur a kasuwar Kura ya koma alƙalancin wasa. Jan katinsa ma murfin bokitin roba ne ya yanka, kuma ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ne ya fara ɗaga wa shi.

Zuciyarsa a kusa take, wannan kam ba mai musu. In ya busa ya busa, ko hakimi ne ya sa baki ba zai janye ba. Shekara da shekaru yana bin yara da gudu a rana, yana ɗingishi, ko ruwan leda ba ya karɓa a hannun kowace ƙungiya. Abin da yake taƙama da shi a duniya ke nan: ba a taɓa cewa Hashimu ya ci amana ba. Ba shi da mota, ba shi da gidan siminti, sunan nan shi ne dukiyarsa.

A ranin 2006, daidai lokacin da tumatir ya nuna, matasan yankin suka haɗa gasar kofi. Wasan ƙarshe ya faɗo tsakanin Unguwar Kanya da wata ƙungiya daga ɓangaren Bunkure. Baƙin da kansu suka ce sun yarda Hashimu ya busa, duk da ɗan gida ne. A ranar kuma ake bikin Abdulsamad, direban motar da ke kai tumatir Legas, da amaryarsa Mubina. Angon ya ɗauko wani mai kyamara daga Kano, Sada, don ya ɗauki taron mata a cikin gida. Da Sada ya gama, sai ya ga kaset bai cika ba, ya saɓo kyamara ya zo bakin fili ya ƙarasa shi da ƙwallo.

Wasa ya kusa tashi ba wanda ya ci wani, aka bugo kwana zuwa ragar Unguwar Kanya. Dalhatu, mai tsaron bayan Unguwar Kanya, saurayi dogo mai shiru-shiru, ya yi tsalle tare da ɗan gaban baƙi. Hashimu ya ga hannu ya tashi ya taɓa ƙwallo. Bai yi wata-wata ba ya busa, ya nuna fanareti.

Fili ya kaure. Dalhatu ya biyo shi hannu a ƙirji, yana cewa, "Baba, wallahi ban taɓa ba. Wallahi ba hannuna ba ne."

Hashimu ya juyo a fusace, a gaban jama'a, a gaban mahaifin yaron da ke zaune a benci, ya ce, "Rufe mini baki, maƙaryaci! Ka taɓa ƙwallo kuma ka haɗa da rantsuwar ƙarya?"

Aka buga, ta shiga, kofi ya tafi Bunkure a bayan a-kori-kura ana kaɗa ganga.

Kafin magariba gari ya ɗauka cewa an sayi Hashimu. Wani ya ce buhun taki aka ba shi, wani ya ce shi ya ga buhun da idonsa ana shigar da shi zaure. Aka tuno cewa matarsa Hajara 'yar Bunkure ce, kamar yau aka ɗaura auren. Mutanen da ya raine su a fili tun suna buga ƙwallon tsumma, su ne in ya wuce majalisa suke yin shiru, ya ba da baya wani ya yi kukan usur da baki. Ba su tsaya nan ba. Su dai samarin nan su ne masu tsinkar tumatir a gonakin garin, sai suka haɗa baki ba mai shiga gonar Hashimu. Tumatir kuwa ba ya jiran a sasanta. Shi da Hajara suka yi ta fama da kwanduna, abin da suka tsinka bai kai rabin abin da ya ruɓe a kunya ba. Wanda ya fara laushi Hajara ta yanka ta shanya kauɗa, sauran ƙudaje suka gaje shi.

Asarar ba ita ta fi cinsa ba. Buhun takin nan da ba a taɓa ba shi ba, shi ya tsaya masa a rai. Ko loma ya kai baki sai ya tuno, ya ture kwanon.

Ana haka ya tuna da kyamarar Sada. Ya hau bas har Kano ya nemo shi a shagonsa. Sada ya ce shi bai lura da wani hannu ba, kuma tuni ya juye komai a babban kaset ya miƙa gidan amarya. Hashimu ya dawo da murna, sai ya tarar ango ya loda tumatir ya yi Legas, kaset kuwa yana ɗakin Mubina, ba mai fitar da shi sai da izinin mijinta. Mata dai suna ta shiga kallon kansu, yau waɗannan gobe waɗancan, in rawa ta ƙare ƙwallo ta fara sai su watse.

Ya ce wa Hajara ta je ta roƙo masa. Ta je, ta daɗe, ta dawo hannu biyu, fuskarta ba walwala.

"Malam, ka bar kaset ɗin nan," in ji ta.

"In bar shi? In bar shi su ci gaba da cewa na sayar da garina a kan taki?"

"Za su gaji su daina. Don Allah ka bar shi."

Nan ya hau ta da faɗa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ya ce ai dama 'yan uwanta ne suka ɗauki kofi, me zai dame ta. Hajara ta ja tabarmar kauɗarta ta koma inda rana take.

Da Abdulsamad ya dawo, ko wanka bai yi ba Hashimu ya yi masa sallama. Angon ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Kawu, ka san abin da ke cikin kaset ɗin nan kuwa? Matata ce da ƙawayenta da ƙannena, ba mayafi, suna rawa. Shi zan kai gidan kallo ƙartin gari su zuba ido? Ko kai ne ba za ka yi ba."

Gaskiya ya faɗa, Hashimu ma ya san haka, amma mai zuciya a wuya ba ya jin gaskiyar wani. Ya koma, ya sake komawa, ya haɗa shi da kawunnansa, ya haɗa shi da liman. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa a fili ba ya zama kullum yana tsugune a ƙofar yaron da aka haifa a gabansa. Daga ƙarshe Abdulsamad ya gaji ya yarda, amma da sharaɗi: shi zai tura kaset ɗin a gida har inda ƙwallo ta fara, shi zai kawo shi, kuma rimot ba zai bar hannunsa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, gidan kallon Baballe ya cika har waje. Rumfar kwano ce, zafi kamar tanda, janareta na ƙugi a baya. Hashimu ya zo da farar rigarsa ya zauna a bencin gaba, ya harɗe hannu. Yau zai ga wanda zai iya haɗa ido da shi. Har ya tsara a ransa abin da zai gaya musu, ɗaya bayan ɗaya, da sunan kowa da na ubansa.

Hoto ya fito yana rawa, aka zo kwanar nan, aka yi tsalle, komai ya wuce kamar walƙiya. Jama'a suka ce a tariyo. Abdulsamad ya miƙe ya rufe fuskar talabijin da babbar rigarsa, ya leƙa ta ƙarƙashi yana tariyowa a hankali, kada ya zarce ya faɗa cikin rawar mata. Ya buɗe, ya saki, daidai wurin ya tsayar da hoton cak.

Ga Dalhatu a sama, hannayensa biyu a manne da jikinsa. Hannun da ya tashi ya taɓa ƙwallo ya fito ne ta bayan kafaɗarsa, kuma na ɗan gaban Bunkure ne. Daga inda Hashimu ya tsaya ranar, can baya, jikin mutum biyun ya haɗe ya zama ɗaya. Daga inda Sada ya tsaya kuwa ko makaho ya shafa ya gane.

Hashimu ya ƙura wa hoton ido yana neman inda zai kama, babu. Rumfa ta ɗauki ihu. Ya miƙe da gurguwar gwiwarsa ya juya ya fuskance su.

"Na yi kuskure," ya ce da ƙarfi. "Idona ya gaya mini ba daidai ba. Amma Allah shaida ne ba wanda ya ba ni komai."

Wani daga baya ya ce, "Kuskuren buhu nawa ne?" Aka kwashe da dariya.

To ni nan ne haushi yake kashe ni. Mutanen nan sai da aka tsayar musu da hoto, aka tariyo sau ba adadi, suna zaune a inuwa, sannan suka ga abin da suke tuhumar mutum ɗaya da rashin gani yana gudu a rana cikin ƙiftawar ido. Kaset ya nuna musu hannu, bai nuna musu taki ba, amma suka fita suna cewa an kama shi dumu-dumu. Wanda ya ce ya ga buhu a zaure ba wanda ya ce masa ya kawo nasa kaset ɗin.

Hashimu bai kula su ba, ya ratsa benci ya nufi lungun da Dalhatu yake tsaye. Yaron nan tun ranar wasa bai sake taka fili ba, don ubansa ya hana shi, ya ce ba zai lamunci a riƙa kiran ɗansa mai rantsuwar ƙarya ba. Hashimu ya sha jin wannan labarin, bai taɓa tsayawa ya auna shi ba sai yanzu.

"Dalhatu, na ce maka maƙaryaci a gaban mahaifinka. Ka yafe mini."

Dalhatu ya dube shi, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Baba, ni ma rantsuwa na yi maka ranar, kamar yadda ka yi musu yanzu." Ya juya ya fita. A bayansu ana ta ihun a sake tariyowa, Abdulsamad na ta fama da babbar riga.

Daga ranar Hashimu bai ƙara busa usur ba. Ba a roƙe shi ba, shi ma bai nema ba. Yanzu in za a yi wasa a Unguwar Kanya sai an ɗauko rafali daga Kura, kuma da wuya a tashi ba a raka shi da jifa ba. Yana nan yana nomansa, ya rage tumatir ya ƙara alkama, don ita ba ta bukatar hannu da yawa a rana ɗaya.

Amma bari in koma ranar Juma'ar. Da ya isa gida ya tarar da Hajara a tsakar gida tana tattara kauɗa a buhu. Ta ɗago ta dubi fuskarsa, ba ta tambaye shi komai ba. A nan ya gane abin da ya zaunar da ita a ɗakin Mubina har ta daɗe. Matar da ta shekara da shekaru tana jin dokokin ƙwallo a bakinsa, ko tana so ko ba ta so, ba ta tashi tare da sauran mata ba da rawa ta ƙare.

"Kin gani," ya ce.

"Na gani."

Zuciyar ta sake taso masa. "Kin gani kika bar ni na tara gari a kaina? Kika bar ni ina tsugunno a ƙofar yaro? Me ya hana ki buɗe baki ki ce Malam, hannun ba na Dalhatu ba ne?"

Hajara ta ɗaure bakin buhun, ta miƙe ta kaɗe zanenta.

"Da na faɗa maka, Malam, da ka yarda?"

Ya buɗe baki zai ce mata sosai ma kuwa, maganar ta ƙi fita, don ƙarya ba ta cikin abin da ya iya.

"Da sai na ce ki kawo kaset," ya ce a hankali, ya nemi turmi ya zauna.