Yaya Sale, wanda ya kawo mini rawa daga Irlanda

Da safen nan ina shan shayi Maryam ta bugo mini waya: babanta, Yaya Sale direba, ya rasu bayan sallar asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shayin yana nan inda na ajiye shi.

Tun ɗazu nake kuka, amma da na tuno shi sai dariya ta kufce mini. Wanda ya san shi ba zai ga laifina ba.

Yaran yanzu ba su san ni da hannu biyu ba. A unguwarmu ta Awali, nan birnin Manzo, farkon shekarun tamanin, in ana mizmar, rawar nan ta Hijaz da maza ke juya sanda ana kiɗa ana tafi, fili ba ya armashi sai na zo. Sai na faɗo daga kan dabino a gonar da nake aiki. Hannun dama ya mutu, yana nan a rataye har yau.

Daga nan na daina zuwa biki. In na ji ganga sai in canza hanya. Aurena saura wata biyu, na gaya wa kowa ba zan shiga fili ba ko da ni ne angon. Ba na son a tausaya mini a gaban surukaina.

A lokacin ne Yaya Sale ya raka maigidansa Ireland, mu Irlanda muke cewa, ganin ɗan maigidan mai karatun likita. Suka ja shi gidan wasa. Shi dai riƙe wa tsoho kwat ne ya kai shi.

Ranar da ya dawo ko jakarsa bai kwance ba ya same ni a gona.

"Ya Haruna, yalla tashi! Na samo maka rawa. Wallahi mutanen nan hannayensu duka biyu ba sa aiki. Kai ka ma fi su, naka ɗaya ne."

Na ce masa ba na son irin wannan wasan.

"Wane wasa? Ana ɗaga labule sai ga su jere a kan masrah, dandamalin wasan, maza da mata, hannu manne da cinya kamar an ɗaure su. Daga ƙugu zuwa sama askarawa, daga ƙugu zuwa ƙasa aljanu! Ƙafa kawai, tas-tas-tas! Kowa na tafi, ni kai nake tunawa, har na yar da kwat ɗin Ammu, maigidan nawa."

Washegari ya ɓalle tsohuwar ƙofar ɗakin ajiyar dabino, ya shimfiɗa ta a ƙasa. Ya kai takalmana wurin baduku aka kafa musu ƙusoshi.

Kullum bayan la'asar muna kan ƙofar nan. Malamin nawa sau ɗaya tak ya ga rawar a rayuwarsa, ga tumbi, in ya buga uku sai ya zauna yana haki. Daga zaune yake ba da umarni: "Kanka sama! Su ba sa kallon ƙasa."

Wannan kam ya fi bugun ƙafar yi mini wuya.

Ranar bikina ana tsakiyar mizmar sai ga shi ya jawo ƙofa har tsakiyar fili, ya tsayar da makaɗa. Ya raɗa mini, "In ka kunyata ni, ba ni ba kai."

Na hau. Da farko shiru, sai ƙarar ƙusoshi. Can mai ganga ya kama bugun ƙafata ya bi. Kafin in ankara maza sun zubar da sanduna, kowa ya manne hannuwansa a jiki yana ƙoƙarin yin yadda nake yi, ba wanda ya iya. Surukina, dattijon da ban taɓa ganin haƙorinsa ba, ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

Ranar ba wanda ya tausaya mini. Na yi farin cikin da ban taɓa yin irinsa ba.

Wata biyu da suka wuce na je duba shi a gidan Maryam, wajen Uhudu. Ciwon suga ya cinye masa ƙafafu, ba ya iya tashi. Na nuna masa rawar Irlanda ta gaskiya a waya. Jama'a, ko kusa ba ta yi kama da abin da ya koya mini ba!

Ya kalla, ya taɓe baki. "Waɗannan yaran sun ɓata ta."

Sai ya ce in tashi in buga masa. Da furfurata na miƙe na buga a kan tayil, shi kuma yana tafi daga gado, Maryam na leƙe tana dariya. Da na gaji ya ce, "Kalas, ya isa. Kai ƙafa, ni hannu. Mu biyu mun tashi mutum guda."

Bayan la'asar za a yi masa salla a Harami, masallacin Annabi, a kai shi maƙabartar Baƙi'a. Zan kama makararsa da hannun da ya rage mini.

Ya Allah, bawanka Sale ya tsayar da ni da ƙafafuna ranar da na kasa ɗaga kai. Ka gafarta masa, Ka tabbatar da dugadugansa a kan siraɗi. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa Fatiha kafin ya wuce.