Kelepi da Ramin Kifin Kakansu

Tun da aka kawo ni gidan mijina a tsibirinmu na Ha'apai ban yarda da ƙaninsa Kelepi ba. Namiji lafiyayye, 'yan'uwansa suna fita kamun kifi, shi yana tsugune a bakin ruwa yana kallon teku kamar ya ba ta ajiya. Da ragowar fentin jirgi ya fara zane, a kan ɓallin katako da murfin akwati. Ba ya zana mutum, ba ya zana gida, sai ruwa.

Na taɓa ce masa, "Kai Kelepi, mai son ganin teku ai sai ya buɗe ƙofa."

Ya ce, "Ke da kike buɗewa kullum, matar yaya, me kika gani?"

Na ce, "Na ga rago."

Bai yi aure ba. Yana zuwa coci ran Lahadi don ba mai ƙin zuwa, amma an ce ya gaya wa fasto a wajen shan kava, jiƙon saiwar da maza ke taruwa su sha, cewa ya fi jin Allah a kan ruwa. Fasto ya yi dariya. Ni kuwa na ce a raina, mutumin da ke neman wurin ibada inda ba mai ganinsa, akwai abin da yake ɓoyewa.

Gidan mijina suna da rami. Kowane gidan masunta na kirki yana da nasa: wani wuri a teku, bayan duwatsun murjani, inda kifi ke taruwa, wanda ba a gane shi sai an daidaita alamomi biyu na kan tudu daga cikin kwalekwale. Kakansu ne ya gano nasu. Uba ke nuna wa ɗa, ba a gaya wa mata ko suruki. Na haifa wa mijina Manase 'ya'ya har sun girma, ban san wace bishiya ce ake sa wa ido ba. Abin da na sani, daga ramin nan muke ci, daga nan muke kai kifin biki da na makoki.

Da Kelepi ya manyanta sai bakin ruwa ya daina isarsa. Ya koma shiga kwalekwale da katakonsa da gwangwanayen fenti da wata jar laima, ya wuni can. Ya ce a kan ramin ne ruwa ke da rai, tsuntsaye a sama, kifi na gogar cikin jirgi, har yakan ajiye burushi ya yi addu'a ba tare da ya shirya ba. A lokacin ne kuma Turawa masu yawo da ƙananan jirage suka fara sayen zanensa, wani ma aka rataye a wani kanti a Pangai, babban garin yankinmu. A bayan ruwan kuwa ga tsibirinmu a zane, da hasumiyar coci da itatuwan kwakwa.

Na ce wa Manase, "Ƙaninka ya rataye tukunyarmu a kasuwa."

"Ke dai ba kya ƙaunar Kelepi."

"Ban ce ina ƙaunarsa ba. Na ce ka buɗe ido."

Ba a daɗe ba sai ga jiragen mutanen tsibirin da ke kudu da mu suna shawagi a wajen. Da farko ɗaya, yana yi kamar ya ɓata hanya. Daga baya har da masu inji da raga. Kifin Manase ya fara raguwa, shi ma ya daina kare ƙaninsa. Ni har na fara lissafin wanda ya ba Kelepi sabbin burusai.

Maganar ta kai ga Gwaggo Kalolaine, ƙanwar ubansu, wadda in ta yanke a gidan ba mai ɗinkewa. Ta zauna a kan tabarma mai kyau, mazan suka zube ƙasa nesa da ita. Ta sa aka kwaso zanen duka aka jingina a bangon gida.

Ta ce, "Manase, duba. Ni ban san alamar ba, ba kuma na son sani. Tana ciki ko ba ta ciki?"

Manase ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe. Sai ya ce, "Gwaggo, ba ta ciki. A nan ya kai coci hagu, a nan ya ƙara tudun da babu shi. Wanda ya bi wannan zai kwana a Fiji."

Kelepi ya ce, "Gwaggo, ni zan sayar da ramin Kaka? Ko ɗaya ban taɓa zana gaskiyar tudu ba."

Kunya ta fara kama ni. Amma Gwaggo ba ta gama ba. Ta ce, "To ɗana, in ka je, yaya kake yi?"

"Ina zama."

"Har yaushe?"

"Har rana ta karkata."

"Da laimar nan?"

Mai rami ba ya zuwa kai tsaye. Yakan kewaya, ya jefa ƙugiya inda ba komai don masu kallo, ya saci ɗan lokaci a kan ramin, in ya hango jirgi ya janye. Wannan ko yaron goye a gidan masunta ya sani. Kelepi ya ɓoye alama a katako da duk wayonsa, sannan ya je ya dasa kansa a kan wurin wuni guda da jar laima, ana hango shi daga tsibiri uku.

Gwaggo ta ce, "Ba ka sake sa ƙafa a kwalekwale." Ya sunkuyar da kai ya ce to.

Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Masu raga suka kwashe ramin tas. Manase ya koma noman doya da rogo, ranar biki mu da muke rabawa muka koma jiran a ba mu. Kelepi ya ci gaba da zane daga bakin ruwa, yana ramewa, zanen ma ba wanda ya ƙara tsayawa a kansa. Na yi fushi da shi shekaru, ina kai masa abinci ina ajiyewa ba magana.

Gab da rasuwarta Gwaggo ta kira shi ta ce, "Je ka wurinka. Ba sauran abin da za a tsare."

Ya fita da sassafe. Na zaci sai yamma. Kafin in sauke tukunyar rana sai ga shi yana jan kwalekwale, katakon fari fat. Tausayinsa ya kama ni, abin da ban saba ba.

Na ce, "Yaya dai, Kelepi, ka ji Allah a can?"

Ya ce, "Ko tsuntsu babu, matar yaya. Ruwa ne kawai."

Ya miƙo mini katakon ya ce in toshe ɓarakar garken aladu da shi.