Jirgin Injiniya Sha'aban da Saƙon Birmingham

Injiniya Sha'aban mutum ne mai tsari, kuma safiyar wannan Asabar ta watan Yuli ba ta bambanta da sauran safiyoyinsa ba. Ya yi sallar asuba, ya dafa shayi da citta, ya sha a tsaye a bakin tagar gidansa na Old Trafford yana yi wa sararin sama kallon tuhuma, kamar kowane mazaunin Manchester. Daga nan ya fita ya zaga motarsa, yana shurin kowace taya da ƙafa. Wannan shi ne binciken da ya gada daga direbobin tashar Yawuri, kuma duk karatun Ingila bai raba shi da shi ba.

Sana'arsa lissafin nauyi. Kamfanonin gini kan kira shi ya faɗa musu iyakar abin da bene ko gada za su iya ɗauka, in kuwa ya ce a'a, sai Turawa su naɗe takardunsu su koma su sake zane. A wurin aiki kaɗai aka taɓa jin kalmar a'a daga bakinsa.

Jikan masunta ne, ya kuma daɗe yana gajiyar da jama'a da labarin kogi. A ƙarshe ya sayi wani ƙaramin jirgin ruwa na hannu daga wani dattijon Bature a unguwar Perry Barr ta Birmingham, haɗe da 'yar tirelarsa mai taya biyu wadda ake ja da mota. Da matarsa Raki ta tambayi inda za a ajiye shi, ya ce a ƙofar gida.

"Madalla," in ji ta. "Maƙwabta za su san cewa mu dai mun shirya wa ruwan ɗufana."

Ranar ɗauko jirgin, wato wannan Asabar, ta zo daidai da sunan ɗan Muhsin, wani ɗalibi mai neman digiri na uku da ke zaune a unguwar Hulme ta Manchester. An yanka ragon a Birmingham, domin gwaggon Muhsin da ke can, Hajiya Zinatu, ba ta yarda da wuƙar kowane mahauci na Manchester ba. Sha'aban ya ɗauki alkawarin kawo naman da rana, mata su dafa da yamma, a yi walima washegari. Wannan duk alheri ne. Kuskuren shi ne da ya rubuta a zauren WhatsApp na 'yan Arewa cewa zai je Birmingham da mota, zai kuma dawo da tirela.

Duk wanda ya san mutanenmu ya san cewa mota ba ta tafiya da wuri a buɗe. Da ya karɓi jirgin ya biya gidan Hajiya, sai ya tarar da rabin Birmingham na jiransa, kowa da "ɗan saƙo". Ɗan saƙon wani buhunan shinkafa ne. Na wata keken ɗinki ne, irin mai ƙafar ƙarfe. Wani mai bincike da zai koma jami'ar Manchester ya kawo kwalayen littattafai, waɗanda a fili yake ba a taɓa buɗe su ba. Ga jarkokin manja, ga manyan tukwanen biki. Da motar ta cika har kujerar gaba, sai idanu suka koma kan jirgin.

"Hajiya, akwai weight limit fa," in ji Sha'aban da ladabi. "An rubuta a jikin tirelar."

"Wa ya rubuta?"

"Waɗanda suka ƙera ta."

"To, ai ba su san za a yi suna ba. Kai ɗan nan, jirgi ne fa. A garinku ba har shanu ake lodawa a ciki ba?"

Injiniya ya san amsar sarai. A Yawuri ruwa ne ke ɗauke da jirgi, a nan kuwa ƙarafan sifirin ne guda biyu masu tsatsa a ƙarƙashin tirela. Ya buɗe baki, ya dubi Hajiya, ya ce, "Haka ne, Hajiya." Har ya taya su ɗora naman a can sama, cikin robobi, tare da ƙanƙarar da ta riga ta fara karaya.

Ya kauce wa babbar hanya ya bi ta ƙauyuka, a hankali, kamar mai rakiyar gawa. Bayan ya wuce Stafford tayar tirelar ta faɗa wani rami da ko keke ba zai kula da shi ba. Sai ya ji ƙas, jirgin ya karkata hagu, warin roba ya biyo baya. Ya gangara bakin ƙofar wata gona ya tsaya.

Ya kwanta ƙarƙashin tirelar da farin kaftaninsa. Sifirin irin wannan ƙarafa ne sirara masu lanƙwasa, an jera su ɗaya kan ɗaya, su ne ke tsakanin taya da gangar tirela. Na saman, wanda ke riƙe da sauran, ya karye gida biyu daidai inda tsatsa ta cinye shi, gangar ta zauna a kan taya tana gurzarta. Ƙarfen ya faɗi abin da mai shi ya kasa faɗa a gidan Hajiya, ya kuma faɗa ba tare da gaisuwa ba.

Ya kira masu janye mota, suka ce layi na da tsawo, sai dai can gaba. Ya kira mai sayar da kayan tirela, ya ce sai mako mai zuwa, kuma biyu ake canjawa tare. Rana kuwa, wadda ke shekara tana wa ƙasar nan rowa, ranar nan ta fito da dukkan ƙarfinta. Ruwan nama ya fara ɗiga a kan shinkafar mutane. Ya kira Raki.

"Abban yara, kana lafiya dai?"

"Lafiya lau. Spring ɗin tirelar ne ya karye."

"Ikon Allah. Injiniya guda? Me ka ɗora mata?"

"Ɗan saƙo ne."

"Na ji. To, ka sani mata sun cika flat ɗin Muhsin, an yanka albasa, naman kawai ake jira. In ya yi wari, kai za ka tsaya gobe ka yi wa baƙi lecture a kan ƙarfe."

Mai gonar, wani dogon manomi marar yawan magana, ya leƙo ya dubi jirgi cike da shinkafa da keken ɗinki a tsakiyar ƙasar da ba teku, bai tambayi komai ba. Ya kawo guntun katako mai kauri. Sha'aban ya sauke kayan kaf a kan ciyawa, ya kafa jak ya ɗaga gefen da ya zauna, ya cusa katakon tsakanin gangar da ƙarfen taya, ya ɗaure tam da igiyar kaya. Gyaran tashar Yawuri ne, wanda ba zai kai kowa Manchester ba, amma ya isa ya ja jirgin zuwa rumfar ciyawar manomin. A nan jirgin jikan masunta ya sami masauki, kusa da tumaki.

Sai ya fitar da tukwane da littattafai daga mota ya jibge su tare da sauran kayan a rumfar, ya shigar da naman, ya kunna sanyin mota har ƙarshe. Kafin ya hau hanya labari ya isa zauren WhatsApp, waya ta fara ruri. Mai keken ɗinki ta tambayi ko an rufe shi. Mai littattafai ya ce zai gana da supervisor, malamin da ke duba bincikensa, ranar Litinin, don haka a kawo masa su yau. Hajiya Zinatu ta ce ita dama tun farko tirelar ba ta kwanta mata ba. Babu wanda ya tambayi ko direban na da rai. Ga mai littattafan ne Sha'aban ya tattara jarumtarsa ta shekaru, ya ce, "Malam, yau kam ba zai yiwu ba." Sannan ya ba shi haƙuri har sai da mutumin ya gaji ya kashe wayar.

Ya isa Hulme bayan la'asar, ya hau bene da robobin a kafaɗa, kaftani ya koma launin gareji. Wata dattijuwa daga cikin masu girkin ta buɗe roba ta farko, ta sunkuya ta shinshina. Ta juya cinya, ta danna da yatsa, ta sake shinshinawa.

"Da sauransa," in ji ta. "Amma a sa wuta yanzu. Wa zai daddatsa?"

Muhsin ya fita neman kujeru, sauran mazan kuma duk sun tuna da wasu uzurori. Aka miƙa wa Injiniya wuƙa da katako, aka nuna masa wani lungu a kicin. Ya naɗe hannun riga ya zauna, ya raba ragon gaɓa-gaɓa kamar yadda ake yi a gida, tsoka gefe, ƙashi gefe, har ya kai ga haƙarƙari na ƙarshe. Ya wanke wuƙar, ya goge ta, ya mayar wa mai ita.